Yadda ake canza halin fonksiyon a Emacs ba tare da an taɓa kod ɗinta na asali ba

Duk wanda ya ɗan jima yana aiki da Emacs, editan rubutu da ake juya shi da harshen Lisp, zai ci karo da wata fonksiyon da ke yin kusan abin da yake so amma da saura kaɗan. Tana manna rubutu amma da datti a ciki, ko tana ta surutu a ƙasan ekran, ko ta hau intanet ba ta tambaye ka ba. Abin da nake gani yawancin ƴan uwa ke yi a nan Yamai, musamman ɗalibanmu na jami'a a Harobanda masu rubuta memwar da LaTeX ko org-mode, shi ne su shiga dosiyen `~/.emacs.d/elpa`, inda ake ajiye pake wato ƙarin kod da ka saka wa Emacs, su gyara layin da hannu, ko su kwafo fonksiyon ɗin dukanta su zuba cikin `init.el`, fishiyen da Emacs ke karantawa in ya tashi, su canza layi guda. Duka biyun suna aiki yau, amma ba su kai ka nesa. Na farkon, ranar da ka yi mizajur sabon pake zai sauka cikin sabon dosiye, gyaranka ya bi tsohon ya tafi, kuma tun kafin nan ma Emacs ya fi son loda fishiyen `.elc` da aka riga aka harhaɗa bisa `.el` ɗin da ka gyara, sai ka yi ta mamakin mi ya sa ba abin da ya canza. Na biyun kuma ka daskarar da fonksiyon ɗin kenan a yadda take ranar da ka kwafe ta, masu pake su gyara kurakurai goma a cikinta kai ba ka samu ko guda ba.

Akwai hanya ta uku kuma ita nake so ku koya. Emacs na kiranta advice, shi ya sa umarnin ya zama `advice-add`, ni dai a nan ɗori zan riƙa cewa. Ba ka rushe gidan ba, zaure ne ka gina a gabansa, duk mai shiga sai ya bi ta nan, mai fita ma haka, ranar da ka gaji da zauren ka kawar da shi gidan na nan yadda yake. Dabarar ta daɗe, Hans Chalupsky ya rubuta tsohon tsarin `defadvice` tun 1993, daga baya Stefan Monnier ya kawo sabon mai sauƙi, `nadvice`, wanda ya shigo tare da Emacs 24.4 a 2014. Sabon za mu yi aiki da shi. Ka buga `M-x emacs-version` (`M` tush ɗin Alt ne, `C` kuma Ctrl) ka ga naka, in dai ya kai 25 duk abin da ke ƙasa zai tafi, ban da inda na ambaci wata bersiyon ta gaba.

Kafin ka ɗora komai, duba ko an riga an bar maka ƙofa

Wannan matakin mutane ke tsallakewa kuma shi ya fi kowane muhimmanci. Rabin abubuwan da ake yi wa ɗori akwai bariyabul ko hook, wato wurin da aka bari ka rataya taka fonksiyon, da aka tanada dan su. Kana so kalanda ta nuna watanni da Hausa? Ba sai ka taɓa wata fonksiyon ba:

```
(setq calendar-month-name-array
      ["Janairu" "Fabrairu" "Maris" "Afrilu" "Mayu" "Yuni"
       "Yuli" "Agusta" "Satumba" "Oktoba" "Nuwamba" "Disamba"])
```

Ka gaji da rubuta yes da no cikakku? Da can mutane na maye gurbin `yes-or-no-p` da `y-or-n-p`, amma tun Emacs 28 `(setq use-short-answers t)` ta wadatar. To yaya za ka sani? `C-h f` sai sunan fonksiyon, ka karanta bayanin har ƙarshe dan galibi a ƙasa ake ambaton bariyabul ɗin da ke juya ta. In ba ka san sunanta ba amma ka san tush ɗin, `C-h k` sai ka danna tush ɗin, zai faɗa maka wa ke bayansa. Sai `M-x apropos-variable` da kalma guda daga sunan. In ka ga abin da ya ƙare da `-hook` ko `-functions` wanda ya dace da buƙatarka, tsaya nan, yi amfani da shi, dan wannan alkawari ne mai pake ya yi cewa ba zai canza shi haka kawai ba. Ɗori kuwa ba wanda ya yi maka alkawarin komai.

In babu, to mu ci gaba. A wannan shafin na `C-h f` ka lura da abu biyu. Layin da ke nuna argiman, kaman `(other-window COUNT &optional ALL-FRAMES ...)`, da kuma inda aka rubuta fonksiyon ɗin, ko cikin fishiyen Lisp ne ko C source code. Ka danna sunan fishiyen ka karanta kod ɗin ko ba ka gane duka ba. Masu Ubuntu ko Debian in ya ce bai ga fishiyen ba sai ku saka paken `emacs-el`, shi ke ɗauke da su.

Ɗori na farko: yi wani abu kafin

Mu fara da matsalar da kowa ya sani. Watan Afrilu da Mayu, zafi, kuran na tafiya yana dawowa, ga ordinatar ta hannu ta biyu da batirinta ba ya riƙe minti goma. Kana so duk lokacin da ka bar taga zuwa wata, fishiyen da kake ciki ya ajiye kansa. Buɗe `init.el` ɗinka, in ba ka san inda yake ba `C-h v user-init-file` zai nuna maka, ka tabbata layin farko shi ne `;;; -*- lexical-binding: t -*-`, sannan ka rubuta:

```
(defun yamai/ajiye-in-an-canza (&rest _)
  "Ajiye fishiyen nan in akwai abin da ba a ajiye ba."
  (when (and buffer-file-name (buffer-modified-p))
    (save-buffer)))

(advice-add 'other-window :before #'yamai/ajiye-in-an-canza)
(advice-add 'switch-to-buffer :before #'yamai/ajiye-in-an-canza)
```

`advice-add` abu uku yake so, sunan fonksiyon da za a ɗora wa, yadda za a ɗora, da taka fonksiyon. `:before` na nufin a fara gudanar da taka sannan ta asali. Wannan `&rest _` ɗin kar ka raina shi. Emacs zai miƙa wa taka duk argiman ɗin da aka ba ta asali, in ba ka shirya karɓarsu ba sai ka ga wrong-number-of-arguments kuma `C-x o` ya daina aiki gaba ɗaya. `&rest _` na cewa ku kawo ko nawa ne, ban damu da su ba, kuma shi ya sa fonksiyon guda ta iya hawa kan biyu masu argiman daban. Shi kuma `buffer-file-name` yana nan ne dan kar ya nemi ajiye `*scratch*` ko dired mai nuna jerin fishiye ya tsaya yana tambayarka suna.

Gwadawa ba sai ka rufe Emacs ba. Sa kursar cikin `defun` ɗin ka danna `C-M-x`, sannan ka je ƙarshen kowane layin `advice-add`, bayan parantez ta ƙarshe, `C-x C-e`. Yanzu `C-h f other-window`, za ka ga an ƙara layi mai cewa tana da `:before` advice tare da sunan taka. In ka ga layin nan ɗori ya zauna. Akwai `auto-save-visited-mode` ma tun Emacs 26 mai ajiyewa bayan ƴan daƙiƙu na shiru, kana iya haɗa su biyun, ba su faɗa.

Sai cirewa, wanda ya kamata ka koya a ranar da ka koyi ɗorawa:

```
(advice-remove 'other-window #'yamai/ajiye-in-an-canza)
```

Ka lura, share layin `advice-add` daga `init.el` ba ya cire ɗorin daga Emacs ɗin da ke buɗe, yana nan har sai ka kira `advice-remove` ko ka sake tashin Emacs. Kuma nan ne dalilin da ya sa nake roƙonku ku riƙa ba fonksiyon ɗinku suna. Za ku ga misalai da yawa a intanet da `(lambda ...)`, wato fonksiyon marar suna, kai tsaye cikin `advice-add`, ya fi gajarta gaskiya, amma ka canza harafi guda a ciki ka sake `C-x C-e`, Emacs zai ɗauke shi sabon ɗori ne ya ɗora bisa tsohon, ka yi haka sau uku kana da guda uku suna gudu tare kuma ba ka da sunan da za ka kira ka cire su. Mai suna kuwa ko sau nawa ka maimaita guda ɗaya ne, kuma in ka gyara `defun` ɗin ka yi `C-M-x` gyaran ya shiga nan take. Sa wani abu naka a gaban sunan, ni `yamai/` na sa, kai sa abin da ka ga dama, dan wata shida nan gaba ka gane naka ne.

`:after` ƙanen `:before` ne, ba wani dogon bayani. Misali in ka yi tsalle zuwa layi da `M-g g` kana so layin ya zo tsakiyar ekran:

```
(defun yamai/kawo-tsakiya (&rest _)
  (when (eq (current-buffer) (window-buffer))
    (recenter)))

(advice-add 'goto-line :after #'yamai/kawo-tsakiya)
```

Sharaɗin `when` ɗin na nan ne saboda ba kai kaɗai ke kiran `goto-line` ba. Wani pake na iya kiranta a ɓoye cikin bafa, wato rubutun da Emacs ke riƙe da shi a buɗe, da ba a nuna ba, `recenter` kuma ba ya yarda da haka, sai ya tada kuskure a wurin da ba ka taɓa zato ba. Wannan tunanin ka riƙe shi a kowane ɗori, wa kuma ke bi ta nan ban da ni.

Tambaya kafin a wuce

`:before-while` na gudanar da taka, in ta dawo da `nil` ta asali ba za ta gudu ba sam. Wanda ke aiki da forfe ta waya ya san zafin `M-x list-packages`, kana buɗewa ya fara sauke jerin pake daga rumbunan pake na intanet ELPA da MELPA ko kai dubawa kawai ka zo yi.

```
(defun yamai/a-hau-intanet (&rest _)
  (y-or-n-p "Wannan zai ci forfe, a ci gaba? "))

(advice-add 'package-refresh-contents :before-while
            #'yamai/a-hau-intanet)
```

Ka ce a'a, jerin da ke kan mashin ɗinka zai nuna, ka ce i ya sauko da sabo. Irin wannan yana yi ma `suspend-frame`. Mu da ke yawo tsakanin kilabiye AZERTY da QWERTY, inda W da Z suka yi musanyar wuri, hannu na zuwa `C-w` ya faɗa kan `C-z` Emacs ya ɓace daga ekran. Kana iya kwance tush ɗin, amma `C-x C-z` ma can take kaiwa, ɗori guda bisa fonksiyon ɗin ya tare hanyoyin biyu.

:around, wanda ya fi kowa ƙarfi kuma ya fi kowa cizo

Nan zan ɗan daɗe. A `:around` Emacs na ba ka fonksiyon ta asali a hannu a matsayin argiman na farko, kai ke da ikon kiranta, ko ka ƙi kira, ko ka kira sau biyu, ko ka canza yanayi kafin ka kira. Mafi sauƙin misali shi ne rufe bakin mai surutu:

```
(defun yamai/shiru (asali &rest sauran)
  (let ((inhibit-message t))
    (apply asali sauran)))

(advice-add 'recentf-cleanup :around #'yamai/shiru)
```

`asali` ita ce tsohuwar, `sauran` jerin argiman ɗinta ne, `apply` ke warware jerin ya miƙa mata. Ba `funcall` ba fa, in ka sa `funcall` da `sauran` zai ba ta jerin dunƙule a matsayin abu guda. Kuma kar ka kira ta da sunanta, wato ka rubuta `(recentf-cleanup)` a cikin ɗorin, dan sunan yanzu ɗorinka yake nunawa, zai kira kansa ya kira kansa har Emacs ya ce zurfin ya yi yawa ya tsaya. Saƙonnin ba su ɓata ba, suna cikin `*Messages*`, ekran ne kawai ba su fitowa.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗawa. A ce fitar da PDF daga org na ɗaukar lokaci a tsohuwar ordinatar kana so ka auna:

```
(defun yamai/auna-lokaci (asali &rest sauran)
  (let* ((farko (current-time))
         (sakamako (apply asali sauran)))
    (message "An ɗauki daƙiƙa %.2f"
             (float-time (time-since farko)))
    sakamako))

(advice-add 'org-latex-export-to-pdf :around #'yamai/auna-lokaci)
```

Dubi kalmar ƙarshe, `sakamako`, ita kaɗai a layinta. A Lisp abin da ya zo ƙarshe shi fonksiyon ke mayarwa. `org-latex-export-to-pdf` na mayar da sunan fishiyen PDF, kuma in ka danna `C-c C-e l o` org na ɗaukar sunan nan ne ya buɗe maka fishiyen. Ka manta layin `sakamako`, abin da zai koma shi ne rubutun `message`, org ya tafi neman fishiye mai suna An ɗauki daƙiƙa kaza. PDF ɗin ya fita lafiya lau amma bai buɗe ba, kuma kuskuren da za ka gani ba zai ambaci ɗorinka ko kaɗan ba. Da `:before` da `:after` wannan ba ya faruwa dan Emacs na watsar da abin da suka mayar ya riƙe na asali. Shi ya sa shawarata ita ce ka ɗauki mafi raunin nau'in da zai iya aikin, in `:before` ya isa kar ka je `:around` dan kawai ka saba da shi.

Wani abu mai daɗi, ba sai org ya riga ya lodu ba kafin ka ɗora. `advice-add` na karɓar suna ko ba a bayyana fonksiyon ɗin ba tukuna, ya jira, ranar da ta zo ɗorin ya hau.

Wanke abin da ke shiga

`:filter-args` na karɓar argiman, ya gyara su, ya miƙa wa ta asali. Ga matsalar da ta shafe mu sosai. Rubutun Faransanci daga Word ko shafin intanet na ɗauke da wani sarari na musamman gaban alamomi irin su `:` da `?` da `!`, lambarsa U+00A0 ko U+202F, a ido kaman sarari ne amma ka manna shi cikin kod Python ya ƙi. Ga kuma rubutun Hausa da ke zuwa daga Najeriya da `'y` inda mu a Nijar ke rubuta `ƴ`, kana haɗa takarda guda rabi haka rabi haka. Duk abin da ka manna da `C-y` ta `insert-for-yank` yake bi:

```
(defun yamai/wanke-manne (jeri)
  (let ((rubutu (car jeri))
        (case-fold-search nil))
    (cond
     ((derived-mode-p 'prog-mode)
      (setq rubutu (replace-regexp-in-string
                    "[\u00a0\u202f]" " " rubutu)))
     ((derived-mode-p 'text-mode)
      (setq rubutu (replace-regexp-in-string
                    "['’]y\\([aeiou]\\)" "ƴ\\1" rubutu t))
      (setq rubutu (replace-regexp-in-string
                    "['’]Y\\([aeiou]\\)" "Ƴ\\1" rubutu t))))
    (cons rubutu (cdr jeri))))

(advice-add 'insert-for-yank :filter-args #'yamai/wanke-manne)
```

Wannan nau'in ya sha bamban da sauran, argiman guda yake karɓa, wato jerin duka, kuma jeri zai mayar. Shi ya sa babu `&rest` a nan, kuma shi ya sa ƙarshen ya zama `cons`, mun canza na farko mun bar sauran yadda suka zo. In ka mayar da `rubutu` tsirara ba cikin jeri ba manna zai mutu.

Na raba shi gida biyu da gangan. A cikin kod sararin nan datti ne, amma a memwar ta Faransanci yana da aikinsa, shi ke hana alamar tambaya faɗawa sabon layi ita kaɗai, to a bar shi. Haka `'y`, in ka canza shi a kod na Lisp `'yank` zai koma `ƴank` ka lalata `init.el` da hannunka. Sannan na ce sai wasali ya biyo baya saboda mu nan takarda guda na iya ɗaukar harsuna biyu, j'y vais da il n'y a pas ba za a taɓa su ba tunda sarari ke bin y ɗin. Bai rufe komai ba, d'yeux zai kamu, kalmar Ingilishi irin 'yes' cikin alamar zance ma haka, wanda ke manna irin waɗannan da yawa sai ya ƙara sharaɗi. Masu Emacs 29 zuwa sama kuma ku koma mataki na farko, an kawo `yank-transform-functions` dan wannan aikin daidai, can ya fi dacewa ku sa shi, fonksiyon ɗin ta karɓi rubutu ta mayar da rubutu.

`:filter-return` kishiyarsa ce, ta asali ta gama aikinta, a ba ka sakamakon ka gyara ka mayar. `:override` kuma na maye gurbin ta asali ɗungurungum, ya fi sake rubuta `defun` bisa sunan wani dan ana iya cire shi kuma `C-h f` na nuna shi, amma matsalar daskarewar nan tana nan. Duka nau'o'in goma ne, sauran ukun `:before-until`, `:after-while` da `:after-until` ba kasafai ake buƙatarsu ba.

Canza abin da umarni ke ɗauka daga hannunka

Wannan ƴar dabara ce da ba kowa ya sani ba. In fonksiyon ɗinka na da layin `interactive`, shi zai maye na asali. `C-w` na yanke abin da ka zaɓa, to in ba ka zaɓi komai ba, bari mu sa ya yanke layin da kake kai:

```
(defun yamai/layi-ko-zabi (&rest _)
  (interactive
   (if (use-region-p)
       (list (mark) (point) 'region)
     (list (line-beginning-position)
           (line-beginning-position 2)))))

(advice-add 'kill-region :before #'yamai/layi-ko-zabi)
```

Jikinta ba komai, `interactive` ɗin ne duk aikin. Kyawunsa shi ne kod ɗin da ke kiran `kill-region` daga ciki bai san an yi ba, sai wanda ya danna tush.

Akwai gajeriyar hanyar rubuta duk waɗannan tun Emacs 25, `define-advice`, mai haɗa `defun` da `advice-add` wuri guda:

```
(define-advice goto-line (:after (&rest _) tsakiya)
  (when (eq (current-buffer) (window-buffer))
    (recenter)))
```

Sunan da zai ba ta shi ne `goto-line@tsakiya`, da shi za ka cire. Tana da kyau in ɗorin na fonksiyon guda ne, in kuwa za ka ɗora abu ɗaya bisa da yawa kaman `yamai/shiru` to tsohuwar hanyar ta fi.

In ka ɗora bai kama ba, ko ya kama ya ɓata wani abu

Wuri uku ɗori ke zamewa. Na ɗaya fonksiyon da aka rubuta da C. Kana iya ɗora mata, kira daga Lisp zai bi ta ɗorin, amma in wani kod na C ya kira ta kai tsaye ba zai bi ba, wasu ƙanana ma irin `car` ko `point` kod ɗin da aka harhaɗa ba ya neman su da suna sam. Sakamakon rabi ya canza rabi bai canza ba, wanda ya fi rashin canzawa muni. In `C-h f` ya ce C source code, nemi fonksiyon ta Lisp da ke sama da ita ka ɗora can. Na biyu macro, wato kod da ke juyawa ya zama wani kod, an riga an warware ta lokacin harhaɗawa, ɗorinka ya zo a makare sai an sake harhaɗa duk mai amfani da ita. Na uku wadda aka rubuta da `defsubst`, ita ma an riga an zuba jikinta cikin masu kiranta.

Kuma dan Allah ku bar `message`, `insert`, `require` da ire-irensu. Ana kiransu dubbai, kuskure guda a ɗorin ya hana ka ko buga `M-x` dan ka gyara.

In abu ya lalace, `M-x toggle-debug-on-error`, sake yin abin, ka karanta `*Backtrace*` daga sama, sunan da ya fara da `yamai/` ko mai `@` a tsakiya shi ake zargi da farko. In Emacs ya ƙi tashi daidai, daga terminal `emacs --debug-init`, in ya ƙi sam `emacs -Q` zai buɗe ba tare da `init.el` ba sai ka shiga ka gyara. Kafin ka kai ƙarar wani pake wurin masu shi ma ka gwada a `emacs -Q`, dan sau da yawa laifin na ɗorinka ne ba nasu ba. Ba ka san mi ake miƙa wa fonksiyon ba? `M-x trace-function`, yi aikin sau ɗaya, duba `*trace-output*` ka ga argiman da sakamako ƙuru-ƙuru, `M-x untrace-all` in ka gama. Shi kansa da ɗori aka gina shi.

In ɗori biyu suka haɗu kan fonksiyon guda, naka da na wani pake, wanda aka ɗora daga baya shi ke waje, shi ke fara karɓar kira. Kana so ka tsayar da wurin naka sai ka ƙara argiman na huɗu, `'((depth . -100))` ya sa shi can waje, `100` ya sa shi can ciki dab da ta asali.

Wanda ya gaji `init.el` daga wani babban yaya ko malaminsa zai iya ganin `defadvice` da `ad-do-it` da `ad-get-arg` a ciki. Suna aiki har yanzu amma Emacs 30 ya ayyana `defadvice` a matsayin tsohon yayi, gara ka juya su sannu a hankali. `ad-do-it` shi ne `(apply asali sauran)`, `(ad-get-arg 0)` shi ne argiman na farko wanda yanzu sai ka ba shi suna kawai a cikin `defun`, `ad-return-value` kuma ko dai `:filter-return` ko abin da `:around` ya mayar, kalmar `activate` ba a buƙatarta kuma. Juya guda, gwada, sannan na gaba.

Tara duk ɗorinka a sashe guda na `init.el`, bisa kowanne ka rubuta layi ɗaya na sharhi, mi ya sa ka ɗora da bersiyon ɗin Emacs ko paken da kake kai a lokacin. Bayan kowace mizajur ka bi su da `C-h f` ka duba ko argiman sun canza ko an kawo bariyabul da ke yin aikin, `C-h n` na buɗe labaran sabuwar bersiyon ka nemi sunan fonksiyon ɗin a ciki da `C-s`. Wanda aka riga aka yi wa bariyabul, `advice-remove`, share layukan, sa `setq` a wurinsu.